Lahadin da Baffa Ya Bi Ƙofa-Ƙofa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar Talata da hantsi a kujerarsa ta bakin taga, bayan ya dawo daga tsallakar da yaran makaranta titi. Hajiya, matarsa, ta kawo masa shayi ta tarar da rigar aikinsa mai ruwan lemo a kan gwiwarsa. Ya fara ninke ta bai ƙarasa ba.

Kwana uku gidan bai huta ba. Takalma suka cika baranda har suka gangara kan matakala. Mutanen Nijar da ke aiki a kamfanin saƙa suka zo kai tsaye daga bakin aiki, da burbushin auduga a gashinsu. Malaman jami'a suka zo da manyan riguna. Abba ya zauna a bakin ƙofar falo yana karɓar gaisuwa, ba ya cewa komai sai "Allah ya ba da lada," idonsa a bushe. Umma tana kicin tana wanke tukunyar da aka riga aka wanke.

Rana ta uku da la'asar wata dattijuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan ta shigo, doguwa, mai furfura, riƙe da faranti a rufe. Ta cire takalmi tun kafin a ce mata. Na ga daktoci biyu cikin malaman jami'ar sun sunkuyar da kai suna kallon kafet. Ta wuce wajen Hajiya, ta riƙe hannunta, ta ce da Turanci:

"A duk yawon neman ƙuri'ar da na yi, mijinki ne kaɗai ya taɓa zuwa ya roƙe ni in rage masu zaɓena."

Hajiya ta yi dariya tana hawaye. Ƙannena suka dube ni, ba su gane ba. Saboda su nake wannan rubutu, da yaran da za a haifa a garin nan su ji ana cewa Baba Alhaji ba su san ko wane ne ba.

Tun shekarun saba'in ya zo Greensboro karatu, ya zauna, ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a har ya yi ritaya. Duk Bahaushen da ya sauka a garin nan, daga Kano ne, daga Damagaram ko daga Kumasi, a ɗakinsa na ƙasa ya fara kwana. Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi, sai ya karɓi aikin tsayawa a mahaɗar titi gaban firamaren unguwarmu, da allon tsayar da motoci a hannu, rigar lemo a kan kaftani. Yakan ce da yara, namu da na wasu, "Dakata tukuna, mota ba ta san ɗan kowa ba." Wasu yaran Turawa biyu har sun haddace "dakata tukuna". Da sanyi yakan durƙusa ya ja wa yaro zif ɗin riga har wuya, motoci na jira. A bayan gida yana da yakuwa da kuɓewa, yana yi musu magana kamar baƙin da yake ba haƙuri a kan yanayin garin. Tuƙinsa kuwa abin tsokana ne. Abba yakan ce in kana son ka sauke izu guda, shiga motar Yaya zuwa masallaci.

Yana da wani hali da ba ma faɗa a gabansa. Idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, amma ba ya sa tabarau a gaban mutane. Kuma ba ya tambayar na ƙasa da shi abin da bai sani ba.

A kakar da nake shekara ta biyu a jami'a aka zo zaɓen hukumar makarantu. Mutum biyu ke neman kujerar yankinmu. Ɗaya lauya ne daga Irving Park, unguwar masu kuɗi, mai fara'a, allunansa sun cika bakin titi. Yana so a tattara duk yaran baƙi da ba su iya Turanci ba a kai su cibiya guda a can ƙarshen gari, inda za a tara musu ƙwararrun malamai. Ɗayar ita ce dattijuwar nan, tsohuwar malamar firamare, wadda Baffa ke kira Malama. Ita tana so a bar ajin koyon Turanci a makarantar unguwa. Ba kowa ne a cikinmu yake bayanta ba. Wasu daga cikin daktoci sun ce maganar lauyan da hankali a ciki.

Ranar muhawara a ɗakin cin abinci na makarantar, Baffa ya miƙe cikin babbar riga ya ce da lauyan:

"Ranka ya daɗe, yarinya ce 'yar shekara shida, wata biyu da zuwa. Za ta zauna a bas daga nan har can. In fitsari ya kama ta a hanya, da wane yare za ta gaya wa direba?"

Aka yi dariya. Lauyan ya amsa cikin ladabi, ya yi dogon bayani. Baffa ya zauna yana gyaɗa kai, ya raɗa mini, "Mutumin kirki ne, amma bai taɓa riƙe hannun yaro mai tsoro ba." Daga ranar ya ɗauki zaɓen nan tamkar nasa.

Wata Asabar ya tara jama'a a gidansa, ya gayyaci Malama. Ta ci tuwo da cokali, yaji ya sa ta hawaye, mata suka ƙaunace ta nan take. Da za ta tafi wani taron ta ajiye damin fom na rajistar zaɓe, ta ce na waɗanda suka cancanta ne ba su yi rajista ba, kuma wani mai taimaka mata zai biyo da yamma ya karɓa, domin lokacin rufewa ya matso.

"Ki bar mini," in ji Baffa. "Mutanena ne."

Ya bi falo yana raba fom kamar goron ɗaurin aure. A ganinsa maganar makaranta maganar iyaye ce, duk mai ɗa a aji yana da ta cewa. Shi ya daɗe da zama ɗan ƙasa, ya manta yadda aka yi tasa rajistar. A saman kowace takarda kuwa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa sai ɗan ƙasa, kuma wanda ya sa hannu ya rantse ke nan.

Na ga daktoci sun karanta. Na ga sun dubi juna. Ɗaya ya ninke tasa ya sa a aljihu yana murmushi.

"Zan cike a gida, Baba, na mance biro."

"Ni ma sai na duba lambata, Baba."

Ba wanda ya ce masa ya yi kuskure. Yaya za a yi a gyara wa dattijo magana a falonsa, a gaban tuwonsa? Masu karatu suka zame da ladabi. Aka bar mata da mutanen kamfani, waɗanda Turancinsu bai wuce na aiki ba.

Ni aka kira kicin, wai rubutuna ya fi kyau. Na karanta layin sau biyu. Na matsa kusa da Hajiya na ce a hankali kamar akwai matsala, ta ce, "Ke dai rubuta, Baffanki ya riga ubanki zuwa ƙasar nan." Na ce a raina watakila akwai abin da ya sani ban sani ba. Amma tawa takardar na cusa ta cikin littafin waƙoƙin da nake yawo da shi. Na cike fom tara. Ta ƙarshe ta Umma ce. Ta sa hannu a hankali, tana jan kowane harafi, fuskarta cike da farin ciki. Da yamma wani tsohon Bature ya zo ya karɓi ambulan ya tafi.

Abba direban babbar mota ne, ba ya nan. Ya dawo Lahadi da safe, Umma ta riga ta fita aikinta a gidan kula da tsofaffi. Ina zuba masa shayi na ce, kamar labari mai daɗi, Umma ta yi rajistar zaɓe jiya. Ina jin ina so ne wani ya faɗi abin da na kasa faɗa. Ya ajiye kofin.

"Wace rajista? Da girin kad, katin zama kawai?"

Muka tarar da Baffa a bayan gida yana cire busasshiyar kuɓewa. Tunda nake ban taɓa jin Abba ya ɗaga murya a gabansa ba, ko zama ba ya yi sai an ce masa ya zauna. Ran nan ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yaya, me ka sa matata ta sa wa hannu?"

"Zaɓen makaranta ne kawai. Ba na shugaban ƙasa ba."

"Fom ɗaya ne! Ta rantse ita 'yar ƙasa ce, alhali intabiyunta na neman zama 'yar ƙasa na nan tafe. Shekara nawa na yi ni kaɗai a garin nan ina jiran takardunta? In wannan abu ya shiga ofis, ba intabiyu kawai za ta rasa ba. Jirgi za su sa ta, Yaya. Jirgi!"

"Rage murya, maƙwabta."

"Su ji! Kai kowa ka sani, komai ka sani, ba a isa a gaya maka ba."

Ya juya ya fita, ƙofar shingen ta bugu a bayansa. Baffa ya tsaya da kuɓewa a hannu. Can ya dube ni.

"'Yar boko, kin karanta takardar?"

"Na karanta, Baffa."

"Me ya hana ki magana?"

Na ce kunya.

"Su dakta fa?"

Na ce su ma sun karanta.

"To," ya ce. "Ashe duk ɗakin ni kaɗai ne ban sani ba. Ni da waɗanda suka yarda da ni." Ya shiga ciki, ya fito da tabarau a fuskarsa. Ranar na fara ganinsa da shi. "Ɗauko littafin waya. Shiga mota."

Wayar Malama na'ura ce ke amsawa, tana coci. Ya bar saƙo. Muka samo adireshin tsohon Baturen a Pleasant Garden, can bayan gari, muka kama hanya. Itatuwa sun yi ja sun yi ruwan zinariya, irin kyan da a kullum yake sa ni rubuta baituka a bayan takardun darasi. Ran nan kallonsu nake ina lissafin yadda gidanmu zai zama babu Umma.

Gidan yana can cikin fili, da doguwar hanyar tsakuwa da kare mai haushi. Tsohon, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, ya saurare mu ta bayan ƙofar raga bai buɗe ba.

"Ba zan iya ba ka ba," ya ce. "Shekara talatin ina ɗaukar wasiƙun mutane, ban taɓa miƙa ta wani ga wani ba. Ina na san ba ɗaya ɓangaren ne ya turo ka ka yaga su ba?"

"Ni na ba ka su jiya da hannuna."

"Ka ba ni, amma ba sunanka ne a kai ba. Ƙarfe shida zan kai akwatin takardun ofishinmu, gobe da sassafe a wuce da shi ofishin zaɓe."

Muka zauna a mota muna jira. Wajen azahar Malama ta iso da hular coci a kanta, fuskarta babu annurin jiya. Ta ji saƙon.

"Alhaji, ka san abin da ka kusa yi mini? In jarida ta ji an yi wa baƙi rajista da sunana, na gama."

"Na sani, Malama. Laifina ne, ba naki ba. Amma ke kujera za ki rasa. Su zaman ƙasar za su rasa."

Ta juya ta nufi gidan. Suka shiga ciki da tsohon, muna jiyo muryoyinsu. Da suka fito tsohon ya ce ga iyakar abin da zai iya: duk wanda ya sa hannu, ya zo da kansa, ya nuna katinsa, ya karɓi tasa. Wadda ba a zo karɓa ba kafin shida, tana cikin akwati.

Da ma Baffa zai iya zama a falonsa ya sa a buga waya, kowa ya zo da gudu. Bai yi haka ba. Ya ce wanda ya ɓata shi zai taka. Gidan farko na wani saurayi ne ɗan Damagaram da amaryarsa. Suka ruɗe da ganinsa, ana shimfiɗa ana kawo ruwa. Ya ƙi shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce:

"Na zo in gaya muku na cuce ku jiya. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ku yafe mini, ku sa takalmi."

"Haba Baba, pardon, kada ka faɗi haka," in ji saurayin, har ya durƙusa don kada ya fi Baffa tsayi.

"Tashi. Faɗarsa zan yi."

Haka ya faɗa a kowace ƙofa, kalma ɗaya bai rage ba. Wata Anti da mijinta ya rasu, mai 'ya'ya uku, ba ta raga masa ba.

"Alhaji, kai ka ce mu sa hannu! In aka kore ni, kai za ka riƙe yaran nan?"

"Ni zan riƙe su. Amma gara ke ki riƙe abinki. Shiga mota."

Tun daga ƙofarta har Pleasant Garden tana faɗa, shi kuma yana cewa "gaskiyarki". Sawu uku muka yi. Tsohon ya fito da tebur baranda, yana duba kati yana duba fuska, yana miƙa takarda da hannu biyu. A sawu na uku karen ya daina haushi, matarsa ta kawo mana ruwa. Takwas suka fita. Saura ta Umma.

Na buga wa Abba daga wayar gidan mai. Ya je wurin aikinta, aka ce ba za ta bar tsofaffi ba sai mai karɓarta ta zo, ƙarfe biyar. Mai karɓar ta makara. Muna tsaye a filin ajiye motoci, Abba a jikin motarsa, Baffa a jikin tasa, tazarar motoci uku a tsakani, kowa na kallon agogonsa. Biyar da minti ashirin da biyar Umma ta fito da kayan aiki a jikinta, tana tambayar wa ya rasu. Baffa ya buɗe mata ƙofa. Abba ya ce, bai dube shi ba:

"Ni zan kai matata."

"Ba ka san hanya ba."

"Sai ka wuce gaba."

Na shiga wajen Baffa. Ya yi bismillah ya taka mota. Mutumin da keke ke wucewa a titi, ran nan na ga allurar gudun motar ta hau inda ba ta taɓa zuwa ba. Motar na rawa, ya manne da sitiyari, leɓensa na motsi. A madubi ina ganin Abba a bayanmu. Wata motar ɗaukar ciyawa ta tare mu a siririyar hanya, ba wurin wucewa. Baffa ya danna hon, abin da yake cewa rashin tarbiyya ne. Da muka shiga hanyar tsakuwa tsohon ya riga ya sa akwatin a kujerar motarsa, makulli a hannu. Ya dubi agogo, ya dube mu, ya fito da akwatin ya ɗora a kan bonet.

Umma ta miƙa katinta. Ta karɓi takardar ta dubi rubutuna a kai, sannan ta dube ni. Har yau ba ta yi mini maganar ba.

Ranar zaɓe mutum huɗu ne kacal daga cikinmu suka jefa ƙuri'a. Malama ba ta ci ba. Aka kwashe ajin, yaran suka fara shiga bas da sassafe, Baffa ya ƙara wa kansa aikin tsayawa da su a tasha. Daga lokacin duk takardar da aka kawo masa sai ya sa tabarau, ya miƙa wa mafi ƙanƙanta a wurin ya ce, "Karanta da ƙarfi, in na yi shirme ka ce na yi." Daktocin kuwa bai taɓa tayar musu da maganar ba. Ina jin da ya yi faɗa da sun fi samun sauƙi.

Abba dai bai sauko ba. Gaisuwa yake yi a tsaye ya wuce. Wata shida ba su ci a kwano ɗaya ba, domin maganar ba ta ƙare ba: in aka tambayi Umma a intabiyu, me za ta ce?

Ranar da za mu ofishin shige da fice a Charlotte, muka fito da safe muka tarar da Baffa a bakin motarmu, da 'yar jaka a hannu da ambulan. Ya miƙa wa Umma.

"In sun tambaye ki, kada ki ɓoye. Ki ce kin sa hannu, kin karɓo kafin a kai. Ki ce ni na sa ki. Duk na rubuta a nan, da sunana da adireshina."

Abba ya buɗe baki, Umma ta ce, "Bar shi ya zo." Ya zauna a baya tare da ni.

An tambaye ta. Daga baya ta ba mu labari: ta faɗi gaskiya ta miƙa wasiƙar, jami'ar ta karanta, ta tashi ta fita da ita. Umma ta zauna ita kaɗai tana kallon tuta tana salati. Mu a waje muna ganin waɗanda suka shiga bayanta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Abba ya kasa zama. Baffa ya kasa tashi, jakar na kan cinyarsa ya rungume. Fiye da awa guda sannan ƙofar ta buɗe. Umma ta fito da wata takarda, ta ce:

"An ce in zo rantsuwar zama 'yar ƙasa."

Baffa ya miƙe, jakar ta faɗi ta buɗe. Abba ya sunkuya zai tattara. Dardumar salla ce, da maganin hawan jini, da kaftani ɗaya a ninke, da buroshin haƙori.

"Yaya, wannan fa?"

"Na ce ko za su ce sai an riƙe wani."

Abba ya daɗe a durƙushe. Ya mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe jakar, ya rataya a kafaɗarsa. Baffa ya miƙa hannu zai karɓa, ya hana shi.

"Wuce gaba, Yaya," ya ce. Ya bi shi a baya har mota, ya buɗe masa ƙofar gaba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa ya tarar da sauƙi a wurin tambaya. Ka ba Hajiya haƙuri, Ka ba Abba ikon yin kukan da ya ƙi zuwa. Mu kuma da muka gani muka yi shiru, Ka yafe mana. Amin.